Yadda Muka Ƙarar da Gaisuwar Dakta

Shekarar da nake riƙe da aji huɗu a wata firamare cikin Talata Mafara, jami'a ta turo mana wani Dakta mu yi bincike tare. Abin da ake son ganowa shi ne dalilin da yaranmu ke rera karatu kamar zabiyoyi, amma in ka nuna musu kalma guda a allo sai su zuba maka ido kamar ka yi Sinanci. Makarantar da aka yi aikin da ita za a ba ta littattafan karatu. Mu kuwa littafi ɗaya gare mu a ajin, shi ma ya isa fansho.

Roƙon Dakta ɗaya ne: "Malam, zan zauna a baya. Ku ɗauka ba na nan."

Ba ya nan. A Mafara!

Yana sa ƙafa yara suka miƙe suka gaishe shi har kwanon rufi ya amsa. Hedimasta ya shigo: ina gajiya, ina hanya, ina iyali, ina mutanen jami'a baki ɗayansu. Bai kai ƙarshe ba mai unguwa ya iso, ya ɗauko daga farko. Sai ga fura. Dakta ya ce ya ƙoshi, aka nuna masa ba tambayarsa aka yi ba. Yana ajiye ludayi aka kaɗa ƙararrawa.

A zuwansa na biyu liman ne ya zo gaisuwa, da wani uban yara da ya sungumo buhun albasa daga fadama.

Dakta ya ja ni gefe. "Malam, na zo kallon darasi, ni ake kallo. In mako mai zuwa ma haka ne, dole in kai aikin Bakura."

Na ruga ofishin hedimasta. "Ranka ya daɗe, a tsare ƙofa mana."

"In tsare mai unguwa daga gaida baƙo? So kake a ce ba mu da tarbiyya?"

"To in gaisuwar ba ta hanuwa, a ƙarar da ita tun kafin ya dawo Litinin."

Haka aka yi. Dakta ya iso ranar Lahadi da la'asar, muka zaunar da shi a zauren hedimasta, muka saki gari a kansa. Aka gaishe shi har hannunsa ya kumbura, har "lafiya lau" ta ƙare masa ya koma gyaɗa kai. Ni da kaina na ga wani tsoho ya fita ya sake bin layi.

Washegari ko akuya ba ta dube shi ba. Wata yarinya ma cewa ta yi, "Baba, matsa, wurina ne."

Ranar ya ga darasi. Da muka zauna bayan an tashi, muka gano inda matsalar take: duk lokacin da na ce "Kun gane?" ajin kan amsa "E!" har da mai gyangyaɗi. Ɗan Mafara ba ya duban babba ya ce bai gane ba. Muka jefar da tambayar, muka haɗa yaran bibbiyu kowa ya karanta wa ɗan'uwansa, don a tsakaninsu babu wannan kunyar.

Littattafan sun iso kafin damina. Dakta bai biyo su ba. Ya kira ni daga Maradun, inda ya je gwada dabararmu ta ƙarar da gaisuwa, muryarsa a dishe kamar ta mai shela. Ya ce liman dai ya gama, saura masu unguwanni.