Jar Yazawa ta Jigawa

Ɗazu mai talla ta wuce ƙofar gidana a unguwar Shamaki da faranti cike da yazawa. Ban leƙa ba. Ƙamshin kaɗai ya gaya mini ta fadama ce, ruwa zalla.

Kakata ce ta koya wa hancina. A ƙauyenmu, da bazara, in zafi ya hana kowa sakat, sai ta baje yazawa a kan tabarma ta ware kashi biyu. Manyan nan rawaya na bakin rafi, mu yara take tura wa. Ƙananan ja na jigawa, masu ɓaurin da ke shaƙe maƙogwaro, su take ajiye wa mai jego da wanda dasashinsa ke jini. Takan ce, "Icen da ya sha wuya shi ke da abin bayarwa." Ta yanka, ta barbaɗa gishiri, ta tsare ka har ka tsotse. Ranar kuma ba kai ba nono, ko da kuka, don a cewarta ba a haɗa shi da yazawa.

Ban san zan buƙaci wannan ba sai shekarun tashin hankali. Wata matashiya daga Borno ta sauka a ɗakina na baya, da goyo, babu miji. Ba na tambayar baƙo abin da ya baro. Amma ina da ido. Leɓenta ya tsage, dasashi na jini, tuwo ya kwana a kwano. In ta faɗi, jaririn ma ya tafi.

Na fita neman jar yazawa. A kasuwa sai manyan da motoci ke kawowa daga kudu. Na hau mota zuwa ƙauye, shingen bincike bayan shinge, a sauke mu, a buɗe ƙunshi, gwiwoyina suna kuka. Na dawo da ja a ƙwarya.

Ta ce, "Mama, ki bar ni."

Na ce, "Ba roƙonki nake ba. Tsotse."

Ta tsotsa, ta yamutsa fuska, ruwan ya zubo mata a mayafi. Sannan ta ce irinta ce a bayan gidansu. Ta yi kukan da ba ta yi ba tun zuwanta. Da la'asar ta nemi kunu.

Yanzu jikokina ƙwallon kawai suke so, su yar da naman. Na gaji da faɗa. Ita matashiyar ta koma garinsu, yaron a ƙafarsa. Mayafin ta bar mini. Tabon yazawa ba ya fita, ni ma na daina wanke shi.