Muryar Yaya Idi a Kasuwar Mai'adua

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Idi, wanda mutanen ƙasar Daura suka fi sani da Idi Mai Talla. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara 'ya'yansa mu yi masa addu'a, mu watse. Bana na ga sai na yi rubutu, domin a cikin shekarar nan na ji shi yana magana a kasuwa, yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Ga wanda bai san shi ba, sana'ar Yaya Idi murya ce. Da farko wasan kwaikwayo yake yi a dandali, shi da abokinsa Tanimu. Da aka ƙaddamar da Shari'a wasannin dandali suka ja baya, sai suka koma ɗaukar talla a kaset. Mai sabulu ko mai takin zamani ko mai man zafi zai zo shagonsu na bayan tasha ya faɗi abin da yake sayarwa, su kuma su tsara masa 'yar hira. Tanimu ne mai saye mai yawan gardama, Yaya Idi ne mai bayani. Mai kaya sai ya ɗora lasifika a kan mota ko baro ya yi ta zaga kasuwanni. Daga Sandamu har Kongolam, da wuya kasuwa ta watse ba a ji su ba.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha jawo masa asarar ciniki. Idan magani aka kawo, sai ya sa an bar masa kwalba ɗaya ya kai wa wani maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti ya duba. Idan kuwa mai maganin ya fara lissafo cututtuka tun daga ciwon kai har zuwa sammu, sai ya miƙa masa kayansa ya ce ya gwada wani wurin. Na sha ganin an fita daga shagon ana zaginsa. Wata rana na ce masa yana da tsanani, ya ce, "Sani, kai malamin makaranta ne, in ka yi kuskure aji ɗaya ne ya ji. Ni kasuwa guda ce take ji."

To, bayan damina na je kasuwar Mai'adua neman ragon suna. Ina cikin taya wani rago sai na ji sallamarsa daga bayana, irin wadda yake jan ƙarshenta. Igiyar ragon ta suɓuce daga hannuna. Ba jin muryar ne ya razana ni ba, don har yanzu akwai masu kunna tsofaffin tallansa. Abin da take faɗa ne. Tana tallar wani ruwan magani da ba a san da shi ba sa'ad da yake raye, tana cewa mai hawan jini da mai ciwon suga su ajiye ƙwayoyin asibiti, wahala ta ƙare. Har lambar waya ta karanto.

Na bi sautin har na iske wata tsohuwar mota da kwalabe jere a kan bonet. Na ce wa mai motar, "Bawan Allah, ka san muryar wa kake kunnawa?"

Ya ce, "Idi Mai Talla mana. Wa bai san shi ba?"

Na ce, "Yayana ne, kuma ya daɗe a kabari. Yaushe ya yi maka wannan?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ai yanzu ba sai mutum yana nan ba, Malam. A wani shagon waya aka haɗa min. Ka rubuta abin da kake so, kwamfuta ta faɗa da muryar wanda ka zaɓa."

Ranar ce na fara ganin abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ido da ido. Da a rediyo nake jin ta, ina ɗaukar ta zancen manyan birane.

Na tsaya na saurara da kyau. Muryar tasa ce, amma ba ta jan numfashi, ba ta gyaran murya. Yaya Idi yakan ɗan tsaya kafin ya faɗi farashi kamar mai jin kunya, wannan kuwa zuba take yi kamar famfo. Ni na gane haka don ɗaki ɗaya muka tashi. Matan da ke kewaye da motar suna kwance bakin zani ba su gane ba.

Gwaggonmu da ke Kongolam ma ba ta gane ba. Bayan 'yan makonni aka kira ni cewa ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. A asibiti aka gano ta daina shan maganin hawan jininta, ta koma wa wancan ruwan. Da bakinta ya ɗan saki na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ɗan nan, ai Idi ne ya ce a daina. Na ɗauka kafin ya rasu ya faɗa. Idi ba ya ƙarya." Ta rayu, amma har yau hannunta na hagu bai dawo ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne inda aka samu muryarsa mai yawa kuma tsaf, ba hayaniyar kasuwa a ciki. Na je wurin Tanimu, wanda yanzu rake yake sayarwa a bakin tasha. Ina fara magana ya ajiye wuƙar. Ya ce wani mai shagon waya ne ya zo ya roƙe shi tsofaffin kaset ɗin aikinsu, wai zai adana su kada su lalace. Ya ji daɗi har ya sa masa albarka. Bayan rasuwar Yaya Idi yana ɗan samun masu kawo talla jefi-jefi, amma tun da ya ba da kayan nan ƙafa ta ɗauke. Ya ce, "Malam Sani, har tawa muryar suna da ita. Ina raye, ina zaune a nan, ana gardama da bakina a kasuwa. Ni da abokina muna can muna aiki, ni kuma ina nan ina yankan rake."

Na je da fushi, na dawo babu shi.

Tun daga nan nake tambayar kaina yadda Yaya Idi zai ɗauki wannan zamani. Ba zan yi masa ƙarya in ce maƙiyin na'ura ne ba. Yana cikin na farko da suka bar kaset suka koma ɗauka a katin memori na waya, kuma sabon abu ba ya wuce shi bai taɓa ba. Bayan haka, shi ma ya taɓa raba wasu da abincinsu. Kafin kaset akwai dattawan da ake ɗauka haya su yi shela da baki a kasuwa. Na tuna ɗaya daga cikinsu da ya daina amsa gaisuwarsa har ya mutu, kuma abin yana damun Yaya Idi. Saboda haka ina jin da yana nan zai zauna ya ga yadda abin yake aiki, wataƙila har ya yi dariya.

Amma na tabbata dariyar ba za ta daɗe ba. Kaset abin da mutum ya faɗa yake maimaitawa, kuma in kaya suka zama na banza an san shagon da za a je a tsare mai muryar. An taɓa tsare shi a kan wani iri da bai tsiro ba, ya bi mai kayan har ƙauyensu. Yanzu wa za a tsare? Mai mota ya ce shago ne, mai shago ya ce kwamfuta ce, kwamfutar kuwa ba ta da unguwa. Ana gaya mana abin zai sauƙaƙa aiki, kuma gaskiya ne ya sauƙaƙa wa mai maganin. Abin da ba a faɗa shi ne, wanda aka cire daga tsakiya shi ne mai iya cewa a'a.

Mun kai ƙara wurin limamin unguwarmu, aka kira mai motar da mai shagon. Mai shagon matashi ne mai ladabi, ya gama karatu bai samu aiki ba, kuma bai ga laifin da ya yi ba. Ya ce bai saci komai ba, kaset ɗin ma ya mayar. Liman ya ce shi dai bai taɓa raba gadon murya ba, amma sa wa mamaci maganar da bai yi ba shaidar zur ce, ko da wane irin inji aka yi ta. Suka yi alkawarin gogewa. Na gode musu, ko da yake ban yarda an goge ba. Ba a jima ba wani direba ya gaya min ya ji Yaya Idi a tsallaken iyaka yana tallar maganin ƙwari.

Abin da ya rage mana shi muka yi. Na aro lasifika, na ɗauki Tanimu a babur muka bi kasuwanni. Ya tsaya a kan benci inda kowa zai ga bakinsa yana motsi, ya ce, "Jama'a, ni ne Tanimu, ga ni da raina. Idi ya rasu. Duk muryar da ta ce ku bar maganin asibiti ba tasa ba ce." Wasu suka yi salati. Wani dattijo a Sandamu ya matso ya riƙe hannunsa, ya ce yana so ya tabbatar mutum ne.

Yau da nake auna abin da Yaya Idi ya bari, na ga muryar ba ita ce dukiyar ba, tunda ga shi kowa na iya haɗa ta. Abin da aka zo sata shi ne yardar da mutane suka yi masa, wadda ya tara ta hanyar korar ciniki shekara da shekaru. Na'urar ta iya kashe ta, ba ta iya tara ta ba. Matarsa Hajara ta daina sauraron ko tallansa na gaskiya, ta ce ba ta ƙara sanin wanne ne mijinta. Da muka taru addu'ar bana, ƙaramar 'yarsa da ba ta yi wayo da shi ba ta ce a kunna mata muryar babanta. Hajara ta ce, "Bar wayar nan. Zo zauna in gaya miki irin mutanen da ya kora daga shagonsa."

Allah ya yi masa rahama, ya haskaka kabarinsa, ya kare shi daga abin da ake faɗa da bakinsa.