Tirelar Baba a Cikin Laftof

Mahaifina direban babbar mota ne. Tun kafin a haife ni yake ɗaukar goro daga Kumasi zuwa Bawku, ya dawo da albasa. Ciwon sukari ne ya sauke shi. Wata rana jiri ya ɗebe shi a kusa da Kintampo, Allah ya kiyaye ya samu ya tsaya a gefen hanya, mai motar kuma bai sake ba shi makulli ba. Ya dawo gidanmu na unguwar Dichemso a Kumasi ya zauna. Mahaifiyata ta riga ta rasu, ƙannena mata duk suna ɗakin mazajensu, saura ni da shi.

Zaman ya ci shi. In ya dawo daga masallaci sai ya hau benci a ƙofar gida, yana kallon motocin haya suna wucewa, yana tsaki in wani ya sa giya ba daidai ba.

Ni a wani shagon buga katin biki da na suna nake aiki, a Ashanti New Town, kuma ina da laftof ɗan gwanjo. A cikinsa akwai gem na tuƙin tirela da nake rage lokaci da shi. Wata Lahadi ina bugawa, Baba ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo.

"Haka ake shan kwana da kaya a baya?" ya ce. "Za ka kayar da ita. Tashi in gani."

Maɓallan sun ba shi wahala, don yatsunsa manya ne. Sai na samo masa sitiyarin roba mai birki da totur a kasuwar Kejetia, na ɗaure a bakin tebur. Daga nan na daina fita da laftof ɗin, na koma amfani da kwamfutar shago. Ba ya tayar da motar sai ya yi bisimilla. Matar da ke sayar da wake da shinkafa a tsakar gidanmu takan leƙo ta kira shi Wofa, wato kawu da yaren Asante, ta ce, "Wofa, yau ina aka nufa?" Ya ce, "Tamale, in Allah ya yarda," alhali hanyoyin gem ɗin duk na ƙasar Turawa ne. Har ƙiba ya ɗan yi a lokacin nan.

Ya fi shekara yana tuƙi lafiya kafin abin ya fara lalacewa. Da farko motar takan ɗan tsaya cak kamar an riƙe ta, sai ta zabura gaba. Daga baya in ya juya sitiyari sai an jima kan motar ya bi. Fankar laftof ɗin tana ƙugi, gindinsa ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, wani lokaci ya mutu gaba ɗaya ana tsakiyar tafiya.

"Motar nan ba ta da lafiya," Baba ya ce mini. "Duba ta."

Na fara da abin da na sani. Na goge tsofaffin zane-zanen da suka cika ciki. Na kashe manhajojin da ke tashi da kansu in an kunna. Na lura in an cire caja abin ya fi muni, na ce masa kada ya buga in an ɗauke wuta. Na ɗora laftof ɗin a kan murafan kwalba don iska ta shiga ta ƙasa. Kowanne sai ya yi kwana biyu kamar ya warke, sannan ya koma gidan jiya. Da na rasa dabara sai na rage ƙawar hoton: na cire inuwa, na cire ruwan sama, na rage ganyen itatuwa. Motar ta ɗan saki jiki, amma duniyar da ke cikin allon ta zama fayau. Na zaci Baba zai yi magana. Sai ya ci gaba da tuƙinsa kawai, ni kuma na yi murna cewa bai damu ba.

Da mutuwar ta yi yawa sai na kai wa wani mai gyara a Adum, Ba'asante ne mai yawan raha. Ya kwance bayan, ya zaro datti daga fankar, dunƙule guda kamar audugar katifa. Ya nuna mini man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar don ta huce, ya bushe ya zama gari. Batirin ma ya kumbura. Ya wanke, ya shafa sabon mai, ya canza batiri. Muka gwada a gabansa, na mayar da inuwa da ruwan sama da komai, tirela ta tafi sumul, ko ƙarar fanka ba a ji.

Na iso gida bayan la'asar ina ɗoki. Na haɗa masa sitiyari, ya yi bisimilla, ya fita daga tasha. A kwanar farko ya daki ƙarfen gefen hanya. Ya ja baya, ya sake dukansa.

"Bai gyaru ba," ya ce. "Har yanzu hayaƙi ne a hanyar."

Na duba allon, tas yake. Na ƙara hasken har ƙarshe. Ya matso da fuskarsa, ya karkatar da kai yana kallo da idon dama kaɗai.

"Baba, me aka rubuta a koren allon gefen hanyar can?"

"Wane allo?"

Allon kuwa ya cika rabin gilashin motar. Baba ya sauke hannuwansa daga sitiyarin ya ɗora a cinya.

Da safe muka tafi asibitin ido. Likitar ta ɗiga masa magani, ta haska, ta daɗe tana dubawa. Ta ce sukarin ya ɓata jijiyoyin bayan idon. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan, za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage amma wanda ya tafi ba zai dawo ba. A mota muna komawa, da muka wuce unguwar Manhyia, Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Tun azumi nake ganin hayaƙin nan. Da na ji fankar tana kuka sai na ce to, ita ce. Na so ƙwarai a ce ita ce."

Ya yi makonni bai kusanci teburin ba. Wata rana da yamma ya ce in zauna in tuƙa, in ƙara murya. Ya jingina da bango ya rufe ido yana sauraren injin. "Sa ta uku. Ka cika gaggawa, hawa ne, bar ta ta ja." Bai taɓa kuskure ba. Mun yi haka sau da yawa, ina ba shi labarin abin da muke wucewa, gada ko gona ko gidan mai, yana gyaɗa kai. Ana nan ran nan muna cikin tafiya ya ɗaga hannu.

"Faka a gefe, ka kashe. Direba ba ya jin daɗin zaman fasinja."

Na faka, na kashe. Ya ce in kwance sitiyarin in ba wanda zai yi amfani da shi. Na kwance, amma na ɗora a saman kabad, yana nan har yau.

Idon daman ya ƙarasa rufewa a daminar da ta biyo. Yanzu ni nake riƙe hannunsa zuwa masallaci da asuba da magariba, sauran sallolin maƙwabta suke taimakawa. Ya rame, kuma maganarsa ta ragu sosai.