Audugar da Ba a Shuka Ba

Mun ci shari'a! Audugarmu ta tsaya a gida, jakin falke kuma ya koma garinsu, Gozaki.

Ga yadda aka yi. Ina can Ƙarfi ina karatu wajen malamina, ashe tun bazara Babanmu ya ƙulla ciniki da wani falke: ya karɓi jaki, ya sallama masa duk audugar da gonarmu za ta yi a shekarar. Da kaka na dawo na tarar gona ta yi fari fat, Innarmu kuwa ta tasa mazarinta a gaba ta yi tagumi. Auduga ce cinmu, ita ce suturarmu.

Na ce, "Baba, cinikin nan ɓatacce ne. Ba a sayar da abin da babu shi. Mun karanta."

Ya ce, "Tafi can, malamin jiya! Na sallama a gaban mutane, in dawo in ce ban ce ba?"

Ni fa ban haƙura ba. Kwana uku ina bin sa, gona da masallaci, har ya gaji, muka kai maganar wajen mai unguwa. Mai unguwa ya ce nasa sulhu ne, a raba biyu. Falke ya ƙi. Mai gari ya ce, "Ni iyakar gona na sani, ciniki sai alƙali." Ya haɗa mu da ɗan aikensa har Malumfashi. Baba na tafe yana mita, ni ina gaba ina biya babin ciniki da ka.

Falke ya zo da shaidu biyu, sai hura hanci yake. Alƙali ya tambaye su, "Ranar da aka ƙulla, yaya audugar take?"

Ɗayansu ya yi caraf, shi a dole zai nuna sun riga kowa: "Allah gafarta malam, ai ko iri ba a zuba ba! Tun kafin ruwan fari muka kama."

Alƙali ya dubi falke. "To, me ka saya, iska? Yarda da shaidu ba sa halatta cinikin abin da babu. Karɓi jakinka, auduga ta mai gona ce."

Da muka koma gida Baba ya miƙo mini igiyar jakin, bai ko dube ni ba. "Malamin jiya, kai za ka ja shi har Gozaki." Na ja shi kuwa, ina dariya.

Har yau ana irin cinikin nan a ƙauyukanmu. Wanda takardar nan ta shiga hannunsa, don Allah ya karanta wa manoman unguwarsu, ya miƙa wa na gaba.