Yadin da Ba Shi da Gishiri

Ta kasa tsayawa wuri guda, matar nan mai baƙin ɗankwali da ke zagaye rumfunan yadi a kasuwar Durban. Tana ɗaga wannan tana yarwa, tana fizgo wancan. Shweshwe take nema, shuɗin yadin da amarya ke ɗaurawa idan ta shiga gidan miji. Ko ba a faɗa ba, ɗanta ne zai yi aure.

Dubi yatsunta, baba ya rine su har ƙarƙashin farce. Wannan hannu ya daɗe a masaƙa, irin waɗanda aka rufe bayan manyanmu sun ƙulla ciniki da na China, wai zumunci. Zumuncin banza!

Ga ta nan a wata rumfa tana shinshina bakin wani yadi, tana lasa. Na gaske yana da ƙarfin sitaci da ɗanɗanon gishiri, kowace tsohuwa ta sani.

"Kai ɗan nan, wannan ai lami ne!"

Mai rumfar ya kwashe da dariya. "Haba Mama, miya kika zo saye? Ta jirgin ruwa ya zo daga China, gishirin ya tsaya a teku."

"Haka kake yi wa uwarka magana?"

"Yadi mai gishirin yana can babban kanti, Mama, in aljihunki zai iya."

Ta murza yadin. Dangin amarya ma lasa za su yi, a gaban kowa.

"Yanko mini," in ji ta. "Sannan ka nuna mini inda ake sayar da sitaci da gishiri."