Usur ɗin Baba

Tun kafin in yarda gabana ke faɗuwa. Makarantar mishan da 'yata Rahila ke yi a Gusau za ta kai yara sansanin wasanni, ƙwallo da safe, addu'a da yamma. Ni kuwa ita kaɗai gare ni.

Tsohon da ke koya musu wasa, wanda suke kira Baba, ya yi min dariya. "Haba maman Rahila, ni zan ɗauke ta, ni zan maido miki ita har ƙofa."

Ya koya musu in ya busa usur sau uku, kowa ya kwanta, kada ya motsa.

Suna dawowa, kusa da Tsafe, 'yan bindiga suka tare motar. Baba ya tura yaran cikin dawa, ya busa sau uku, ya ruga wani gefen yana ta busawa har 'yan bindigar suka bi shi. Rahila ta dawo. Shi gawarsa aka kawo.

Jiya na ji usur a filin makaranta. Fasto ya ce mu yafe. Ni ban yafe ba. Allah ya jiƙan Baba, ya kama waɗanda suka harbe shi ɗaya bayan ɗaya. Don Allah kada ku ba ni haƙuri. Ku ce amin kawai.