Baƙuwar da Ta Ƙi Cire Ɗankwali

A rumfar kitson Mardiya, cikin kasuwar Garuwa, wata baƙuwa na zaune a ƙarshen benci tun hantsi. Doguwa ce, girarta zanen kwalli, hannunta dafe da ɗankwali kamar za a fizge mata shi. Duk wadda ta zo sai ta ce mata, "Wuce, ba na sauri."

Mardiya na satar kallonta tana kintace. Ta san kan mata sarai. Na Bororo daga goshi gashin yake gudu saboda jan kitso, matan dutse kuwa gammo da tulu ke cinye musu tsakiyar kai. Wannan fa?

Sai da rumfa ta watse baƙuwar ta zame ɗankwalin. Ba aikin kitso ba ne, ba na gammo ba. Kai ne tas, sai 'yan tsirarun gashi. Bayan hannunta duk tabon allurar asibiti, alamar magani ne ya zubar da gashin.

Matsefi ya tsaya cak a hannun Mardiya.

"Yaya," in ji matar ƙasa-ƙasa, "innata na cikin mota, tana tahowa daga garin Kuseri, ba ta san ina jinya ba. Ki yi min ko layi biyu ne, su ɗan leƙo ta gaban ɗankwali."